Ɗan Kunnen Shanu Mai Batir

'Yan uwa fatake, kun san shaidar da muka gada: lambar wuta a cinya, ko tsaga a kunne. To, yanzu ga ɗan kunne na roba mai ɗauke da lambar dabba, wadda na'ura ke karantawa ba tare da waya ba. Marar batir sai an kai na'urar dab da shi, abin da bai kai mita 1 ba. Mai batir kuwa daga nesa ake jin sa. Wani har zafin jikin dabba da motsinta yake rubutawa, bijimi mai zazzaɓi ya tonu tun a kara, kafin a loda shi a Konni ko Maigatari.

Amma fa a yi hattara. Ba ya faɗin inda ɓarawo ya kai saniya, sai in an ratsa da ita kusa da na'ura. Wuƙa ɗaya kuma ta isa cire shi. A 2001 ƙasar Botswana cikin tumbi ta riƙa ɗura wa shanu lambar, daga baya ta koma ta kunne. Batirin ma mutuwa yake. Ka tambayi mai sayarwa shekara nawa zai yi, kafin ka zaro kuɗi.