WUƘAR DA KE JAKARKA, WANE IRIN ƘARFE CE?

Duk wanda ya taɓa ɗora shanu a tirela daga Maraɗi ko Marwa zuwa kurmi ya san wannan tashin hankali: tsakar dare yaran mota su yi ihu, sa ya faɗi, 'yan uwansa na tattaka shi. A wannan lokaci babu abin da ke tsakanin nama da mushe sai wuƙa. Mun sha ganin an zaro ta ta ci tsatsa, ko ta dakushe kafin a gama yanka. Ga asarar kuɗin sa guda, ga wahalar da dabba, alhali an umurce mu da mu wasa wuƙa mu sauƙaƙa mata. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani kan ƙarfen wuƙa, ta yanka da ta madafa.

Asalin duk wuƙa baƙin ƙarfe ne, amma shi kaɗai ba ya riƙe kaifi. Sai an gauraya shi da kabon, wato sinadarin da ke cikin gawayi. Rodin gini kabon ɗinsa kaɗan ne, shi ya sa wuƙar rodi da ka wasa ta yanzu, an jima ta mutu. Sifirin na mota, wanda maƙeranmu ke saye wurin 'yan gwangwan, yana da wajen kashi 0.6 cikin 100. Tsohon magagari kuwa ya kai kashi 1 ko fiye. Wannan ya fi kaifi, amma in ya daki ƙashi bakinsa na iya ɓallewa. Dukkansu suna tsatsa, balle in jini ya kwana a kansu.

Farar wuƙar kanti kuwa, wadda ake rubuta wa "Inox" ko "Stainless", an ƙara mata wani ƙarfe mai suna kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Shi ke hana tsatsa. Wani Bature, Harry Brearley, ya haɗa irin wannan ƙarfe a garin Sheffield na Ingila a 1913. Wuƙaƙen Jamus masu kyau sukan ɗauki rubutu X50CrMoV15, ma'ana kabon kashi 0.5, kuromiyam kashi 15. To amma fa a kula, ba duk fara ce mai kyau ba. Masu araha da yawa kabon ɗinsu bai kai ba, sai ƙyalli kamar madubi, aiki babu. A gwada da mayen ƙarfe: ƙarfen wuƙa na kirki yana kamawa. Wanda bai kama ba ƙarfen cokali da tukunya ne, a bar shi.

Sai kuma hannun maƙeri, don ko ƙarfe ya yi kyau, wuta ce ke gyara shi ko ta ɓata. Ana gasa shi har ya yi ja, wajen digiri 800, a tsoma shi cikin mai ko ruwa ya yi tauri. Sannan a sake ɗumama shi kaɗan, har ya yi launin kara, don kada ya karye kamar kwalba. Maƙerin da ya tsallake wannan ya cuce ka.

Shawararmu ita ce, wuƙar yanka ta hanya a sa amintaccen maƙeri ya ƙera ta da sifirin. A wanke ta, a goge ta bushe, a shafa mata ɗan kitse, a sa ta a kube, dutsen wasa na kusa. Kada a ba yara su yanke igiya da ita. Farar kuwa a kai wa uwargida, ita ke jure ruwa da tumatir da lemun tsami. Kuma a duba wuƙa tun a kara, kafin mota ta tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya tsare mu da dukiyarmu, Ya kai mu gida lafiya, amin.