Ƙishirwar iska: Yadda kwamfuta ke hasashen lokacin da gona za ta buƙaci ruwa

Manomin rani a Kadawa kan duba ƙasa da ganye kafin ya saki ruwa a fangali. Sai dai ita ma iska tana da ƙishirwarta, kuma ido ba ya ganin ta.

Masana na auna wannan ƙishirwa da giɓin da ke tsakanin danshin da iska ke ɗauke da shi da wanda za ta iya ɗauka. Idan zafi ya kai digiri 25, danshi kuma kashi 60 cikin ɗari, giɓin kusan kilofaskal 1.3 ne. Idan zafin ya hau 35, danshi ya sauka zuwa kashi 20, giɓin kan kai 4.5, wato sama da ninki uku. A irin wannan rana iska na zuƙe ruwan ganye da na ƙasa, shuka ta rufe ƙananan ƙofofin ganyenta don kare kanta, girma ya tsaya, amfani ya ragu.

A nan fasahar koyar da na'ura ta shigo. Ana ɗura wa kwamfuta bayanan zafi, danshi, iska da hasken rana na shekaru masu yawa, ta zaƙulo yadda suke tafiya tare. Daga nan a jarraba ta da shekarun da ba ta taɓa gani ba. Idan ta ci jarrabawar, za ta iya faɗin yadda iska za ta bushe kwanaki kafin lokaci, manomi ya san ranar ban-ruwa da yawan ruwan.

Lamarin ya wuce gona ɗaya. Noma ne ke lashe kusan kashi 70 cikin ɗari na ruwan da duniya ke ɗiba. Ruwan dam ɗin Tiga da aka ɓarnatar a Kano gibi ne ga masunta da makiyayan fadamar Hadeja zuwa Nguru. Mai injin ban-ruwa kuwa, tun cire tallafin fetur a 2023, kowace lita lissafi ce.

Amma na'ura ba ta sanin abin da ba a auna ba, kuma tashoshin auna yanayi sun yi ƙaranci a Afirka. Wadda ta koyi yanayin wata ƙasa na iya kuskuren hunturun Kano. Don haka tambayoyin na masu mulki ne. Nawa aka ware wa hukumar NiMet don tashoshi? Wa ke riƙe da bayanan? Kuma hasashen zai isa kunnen manomi da Hausa, ta rediyo ko waya, kafin tumatirinsa ya yi yaushi?