Masu jinya a gida: matsayinsu a tsarin kiwon lafiyar Ingila

Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa mutum miliyan 5 ne a Ingila da Wales ke jinyar wani nasu a gida ba tare da albashi ba. Cikinsu akwai matar da ke juya mijinta da ya samu shanyewar ɓarin jiki, da ɗan da ke lura da maganin tsohuwar da ta fara rikicewa, da iyayen yaro mai naƙasa. Kimanin miliyan 1.5 daga cikinsu suna shafe sa'o'i 50 ko fiye a mako a kan wannan ɗawainiya, kuma a Ingila kaɗai akwai yara kusan 120,000 'yan ƙasa da shekara 18 da ke yin ta. A 2023 ƙungiyar Carers UK da Jami'ar Sheffield sun ƙiyasta darajar wannan aiki da fam biliyan 162 a shekara, adadin da ya yi kafaɗa da kafaɗa da kasafin hukumar lafiya ta NHS.

Duk da haka maganar da ke yawo a shafukan sada zumunta ita ce wai a Ingila gwamnati na biyan mutum albashi don ya zauna ya kula da mahaifiyarsa. Ruɗanin ya ƙaru tun 2022, lokacin da Birtaniya ta buɗe bizar ma'aikatan kula da tsofaffi, 'yan Najeriya da dama suka tafi. Waɗancan ma'aikata ne da kamfani ya ɗauka, suna da albashi da lokacin tashi. Mai jinyar ɗan'uwansa ba shi da ko ɗaya. Abin da yake iya samu alawus ne, kuma daga ma'aikatar ayyuka da fansho yake fitowa, asibiti ba shi da hannu a ciki. A Afrilun 2025 alawus ɗin ya zama fam 83.30 a mako, bisa sharaɗin cewa mutum yana jinya ta aƙalla sa'o'i 35, wanda yake jinya kuma yana karɓar tallafin naƙasa. Idan aka raba, sa'a ɗaya ba ta kai fam biyu da rabi ba, a ƙasar da mafi ƙarancin albashin baligi ya kasance fam 12.21 a sa'a a wannan shekarar. Baƙon da bizarsa ta hana shi cin tallafin gwamnati kuwa ba ya cikin lissafi sam.

An fara biyan alawus ɗin a 1976, amma sai a 1986 matan aure suka shiga, bayan wata mata mai suna Jackie Drake ta kai ƙara har kotun Turai, kuma ta yi nasara. Kafin nan hukuma na ganin jinya aikin matar aure ne ko da biya ko babu.

Wurin da alawus ɗin ya fi cutar da mutane shi ne iyakar abin da aka yarda mai jinya ya samu daga wani aikin. A 2024 iyakar fam 151 ce a mako, a 2025 aka ɗaga ta zuwa 196. Wanda ya haura ta ko da da fam ɗaya, alawus ɗin wannan makon baki ɗaya ya faɗi, tamkar mai awon da za a ce idan ƙwayar gero ɗaya ta zubo daga bakin mudu to mudun duka ya zama na hukuma. Mata da yawa masu ɗan aikin kanti ko shara sun haura iyakar ba su sani ba, ma'aikatar tana da bayanan albashinsu amma ta yi shiru na shekaru, sannan ta aiko da takardar bashin dubban fam. Ofishin binciken kuɗin gwamnati ya bayyana a Disamban 2024 cewa bashin da ake bin masu jinya ya haura fam miliyan 250, a kan mutum fiye da 130,000. Sakacin na ofis ne, amma waɗanda ba su da lokacin barci aka ɗora wa biya.

Abin da asibiti da ƙaramar hukuma ke bayarwa ya fi karkata ga ba mai jinya baki a cikin magana. Dokar 1995 ce ta fara ba shi damar a duba buƙatunsa shi kansa, dokar kulawa ta 2014 ta faɗaɗa wannan dama ga kowane baligi mai jinya. Jami'in ƙaramar hukuma zai zauna da shi ya tambaye shi ko yana samun barci, ko bayansa na ciwo saboda ɗaga mara lafiya, ko yana son ci gaba da aikinsa, har ma ko yana son ci gaba da jinyar. Daga nan ana iya samar da wanda zai riƙe masa na 'yan kwanaki ya huta. Likitan unguwa yana iya rubuta sunansa a rajistar masu jinya, ya yi masa rigakafin mura kyauta. Dokar lafiya ta 2022 ta wajabta wa asibitoci su sa mai jinya cikin shirin sallama tun da wuri, domin an sha kiran iyali a waya a ce su zo su ɗauki tsoho, alhali babu wanda ya tambaya ko akwai mai iya hawa da shi bene. Tun 6 ga Afrilun 2024 ma'aikaci mai jinya yana da hutun mako guda a shekara, sai dai hutun ba shi da biya.

Sauye-sauyen da suka fi tasiri a cikin ɗakin kwanciya iyalai ne suka matsa aka yi su. A farkon 2014 an kwantar da Dakta John Gerrard, mai fama da cutar mantuwa, saboda gyambon ƙafa. Cutar amai da gudawa ta ɓarke a asibitin, aka taƙaita ziyara. Ya shiga da ƙafarsa yana magana. Bayan mako biyar ya fito a rame, ba ya tafiya, ba ya iya haɗa zance, ya rasu a Nuwamba. Ba magani ya rasa ba, ya rasa mai zama kusa da shi ya ba shi abinci a baki ya kira sunansa. 'Yarsa Nicci Gerrard da ƙawarta Julia Jones suka kafa gangamin da ke neman a bar mai jinyar mai cutar mantuwa ya zauna da shi kowane lokaci, kamar yadda ake barin uwa da ɗanta, kuma asibitoci da yawa sun amsa.

A ɓangaren taɓin hankali matsalar ta sirri ce. Ma'aikata kan fake da cewa ba za su tona sirrin mara lafiya ba, su ƙi ko sauraron wanda ke kwana da shi. Wani tsari da aka fito da shi a 2010, mai ɗaukar mara lafiya da ma'aikaci da mai jinya a matsayin abokan aiki uku, ya fayyace cewa sauraron ɗan'uwa ba tona sirri ba ne. Ba a ɓangaren taɓin hankali kaɗai ake rashin sauraron ba, shi ne ma ya yi sanadin abin da ake kira ƙa'idar Martha. Martha Mills, 'yar shekara 13, ta rasu a 2021 bayan cuta ta shiga jininta, iyayenta suna ta nuna damuwa ba a ɗauka da muhimmanci ba. A ƙarƙashin ƙa'idar, daga 2024 asibitoci 143 suka fara ba iyali lambar da za su kira dare ko rana, wata tawagar likitoci daban ta zo ta sake duba mara lafiya.

Raunin tsarin yana wajen aiwatarwa. Doka ta tilasta a duba buƙatun mai jinya, amma hutun da zai biyo baya ya dogara da aljihun ƙaramar hukuma, kuma yawancinsu a matse suke. Da yawa ma ba sa shiga rajista, domin mai kula da mijinta ba ta ɗaukar kanta komai face matarsa, kuma sau da yawa babu ma'aikacin da ya tsaya ya tambaye ta. A takarda Ingila ta ba mai jinya matsayi da 'yancin magana. Kuɗi da hutu kuwa har yanzu ba su kai nauyin da aka ɗora masa ba.