Kakuri da Makera: Alƙaryar da Masaƙa Ta Raya

Duk wanda ya ƙetare gadar kogin Kaduna ya nufi kudu, ya wuce tashar jirgin ƙasa, ya shiga Kakuri da Makera, zai tarar da gari wanda, saɓanin Zariya ko Kano, ba shi da ganuwa, ba shi kuma da jerin sarakunan da maroƙa za su wasa, domin asalinsa ƙauyukan Gbagyi ne manoma, waɗanda suke zaune a wannan ƙasa tun kafin Gwamna Lugga ya ƙudura niyyar ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru, al'amarin da ya tabbata a 1917.

Hanyar jirgi ce ta fara jawo baƙi, amma a haƙiƙa masaƙa ce ta mayar da wurin alƙarya. A 1957, zamanin Sardauna, gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa gwiwa da kamfanin David Whitehead na Ingila aka buɗe Kaduna Textiles, da nufin audugar da talakawan Funtuwa da Gusau suke nomawa a riƙa saƙa ta a gida maimakon a loda ta zuwa Turai. Masaƙun Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, aka kafa ma'aikatar ƙera makamai a 1964, kamfanin Peugeot kuma ya soma harhaɗa motoci a 1975. Jama'a suka yi ta kwararowa daga ƙasar Tibi da Idoma da Igala da kudancin Zazzau da ƙasar Hausa, har ya zama jiniyar canjin aiki ce take tsara wa mai abinci da mai gidan haya da mai shago lokutansu.

Sha'anin mulki kuwa bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Da fari ƙasar tana ƙarƙashin En'e ta Zazzau. A 1956 aka keɓe Kaduna a matsayin yankin babban birni, aka ɗora mata kantoma. Gyaran da aka yi wa ƙananan hukumomi a 1976 ya sake fasalin abin baki ɗaya. A 1991 kuma aka samar da Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, mai hedkwata a Makera. Abin lura shi ne, duk da sunanta, mazaɓunta 13 sun haɗa da Tudun Wada da Badiko da Unguwar Sanusi, waɗanda suke ɗaya hayin kogin, alhali Sabon Tasha da Narayi, da suke wannan hayin, suna bin ƙaramar hukumar Cikun mai hedkwata can Kujama. A ganina wannan haɗi na hayi biyu alheri ne da ya kamata a riƙe da daraja, musamman tun da fitinun 2000 da 2002 suka sa mutane suka yi ƙaura, kowa ya koma inda 'yan addininsa suka fi yawa, ta yadda zauren majalisar ƙaramar hukuma ya zama ɗaya daga wuraren da wakilan ɓangarorin biyu suke zama dole su yi shawara a kan kwata da makaranta da kasuwa.

Da Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007, sai aka bar ƙaramar hukumar da jama'ar da ƙidayar 2006 ta ce sun haura 400,000, ga nauyin da tsarin mulki ya ɗora mata na kasuwanni da tashoshin mota da kwashe shara da hidimar firamare da ɗakunan shan magani, ga shi kuma albashin da yake juya kasuwar Monday ya yanke, tsofaffin ma'aikata da yawa sun yi shekaru suna jiran haƙƙinsu na sallama. Kason da yake zuwa daga tarayya ma sai ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, har ta kai ga Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. Wajibi ne mutanen Kakuri su riƙa tambayar kansilansu, wata bayan wata, nawa ya shigo Makera, nawa kuma aka kashe a unguwarsu.