Burin sabuwar shekara: Abin da dattawan Rano da Kibiya za su koya daga tsohon da ya makara da daƙiƙa 5

Duk lokacin da sabuwar shekara ta kama, mutane kan ɗaura niyya. Wani zai bar taba, wani zai rage tumbi, wani kuma zai fara tara kuɗin gini. Sai dai galibi ana ganin wannan harkar matasa ce. Da zarar furfura ta cika gemu, abin da mutum zai riƙa ji shi ne, "Baba, ka zauna ka huta."

Labarin wani dattijo ɗan ƙasar Japan, Hiromu Inada, ya saɓa wa wannan tunani, kuma yana da amfani ga dattawan Rano da Kibiya, waɗanda da yawansu a kan keke suka yi ƙuruciya.

Wace irin gasa ce?

Inada yana shiga gasar tirayatilon, wadda ake haɗa wasanni uku a jere ba tare da hutu ba: ninƙaya, tseren keke, sannan gudu.

Wadda ta fi suna wajen wahala ita ce Ironman, da aka fara a 1978 a tsibiran Hawai na Amurka. Ɗan wasa zai yi ninƙayar kilomita 3.8, ya tuƙa keke kilomita 180, wato fiye da nisan Kano zuwa Zariya, sannan ya sauka ya yi gudun kilomita 42.2. Dole ne ya gama cikin kimanin awa 17. Wanda ya wuce lokacin, ba a saka shi cikin waɗanda suka kammala.

Daƙiƙa biyar

An haifi Inada a 1932, kuma ya yi aiki a gidan rediyo da talabijin na ƙasarsu, NHK. Sai bayan ya yi ritaya ya kama motsa jiki gadan-gadan. Ya sayi keken tsere yana da shekara 69, ya shiga gasarsa ta farko yana da 70. Ba a jima ba matarsa ta rasu, shi kuma ya ƙara riƙe wasan.

A 2015, yana da shekara 82, ya shiga gasar Ironman ta duniya a garin Kona na Hawai. Daf da layin ƙarshe ƙafafunsa suka gaza, ya faɗi, ya miƙe, ya lallaɓa ya tsallake. Amma ya makara da daƙiƙa 5. Bayan kusan awa 17 yana fama, ba a lissafa shi ba.

Shekara na zagayowa ya koma, ya gama cikin lokaci. A 2018 ya sake kammalawa yana da shekara 85, cikin awa 16 da minti 53, kundin bajinta na Guinness ya sa shi a matsayin mafi tsufan da ya taɓa gama gasar.

Ba maza kaɗai ba. A Oktoban 2025, wata Ba'amurkiya mai shekara 80, Natalie Grabow, ta zama mace mafi tsufa da ta kammala gasar ta Kona, alhali sai da ta kai shekara 59 ta koyi ninƙaya.

Ina ruwan Rano da Kibiya?

Ba wanda zai ce wa dattijon ƙauye ya sayi keken miliyoyi. Amma biyu daga cikin wasannin uku tuni suna cikin rayuwar yankin. Manomin da ke tuƙa keke zuwa gona da sassafe, da wanda ke ɗaura kaya ya nufi kasuwa, da mai taka sayyada zuwa ɗaurin aure a ƙauyen gaba, duk motsa jiki suke yi, ko da ba su kira shi haka ba.

Matsalar takan fara ne ranar da aka jingine keken. Babur ya shigo, 'ya'ya sun karɓi noma, ko an yi ritaya daga koyarwa, sai zaman majalisa daga hantsi har la'asar. Rashin motsi na cikin abubuwan da ke buɗe wa hawan jini da ciwon suga ƙofa, kuma jinyarsu na cin aljihun iyali na tsawon shekaru.

Hukumar Lafiya ta Duniya na ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Ga masu shekara 65 zuwa sama, ta ƙara da atisayen ƙarfafa jiki da daidaita tsayuwa kwana uku a mako, don rage faɗuwa.

Burin da za a iya ƙirgawa

Inada ya san nisan da zai yi da lokacin da aka ba shi, shi ya sa da ya gaza ya san abin da zai gyara. Wanda ya ce "bana zan kula da lafiyata" kawai, ba shi da ma'aunin da zai duba a watan Maris. Wanda ya ce zai yi tafiyar minti 20 bayan sallar Asuba sau huɗu a mako, ya ƙara minti biyar duk wata, shi kam zai gane ko ya cika ko ya gaza.

Kafin a fara, a je asibiti a auna jini da suga. A lokacin hunturu, a bari hazo ya ɗan lafa, a kuma rufe hanci saboda ƙura. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji, jiri ko ɗaukewar numfashi, ya tsaya nan take ya nemi likita. Ninƙaya kuwa a madatsar Tiga ko kududdufai ba abin gwaji ba ne, saboda haɗarin nutsewa da cutar tsargiya.

Su ma 'ya'ya suna da rawar takawa. Maimakon hana Baba hawa keke, gwamma a gyara masa birki, a sauya taya, a sa jika ya raka shi.