Karatun Lafiyar Dabbobi: Ina Ake Yinsa, Kuma Ina Yake Kai Mutum?

 Kamar kullum, ga rubutaccen shirin namu saboda waɗanda datarsu ba ta kai ta sauraro ba.

Wani ƙanina ne daga Bunkure ya turo min saƙo. Ya ce an ba shi admishin a kwas ɗin lafiyar dabbobi, amma abokansa sai tsiya suke masa, wai zai je ya karanci allurar awaki. Yana tambaya ya karɓa ko ya jira baɗi. Toh ƙanina, shirin yau naka ne, da duk wanda yake cikin irin wannan waswasin.

Bari in fara da abin da ya kai ni wannan karatun. Ina aji biyar na sakandire, Innarmu ta turke raguna biyu don Babbar Sallah. Ni ne mai yankan ciyawa, kuma kowa ya san inda ɗanyar ciyawa take da rani a yankinmu: bakin kanal. Ana nan sai ɗaya ya fara ramewa, gashinsa ya tashi, ƙasan haɓarsa ya kumbura kamar an ɗura ruwa. Na je wani shago aka ba ni allurar nan da ake ce wa LA. Muka yi, muka sake yi, babu sauƙi. Ƙarshe dai yanka shi aka yi kafin ya mutu. Da mahauci ya fito da hantar, sai ga wasu tsutsotsi masu faɗi kamar ganye a cikinta. Kuɗin adashin Inna na shekara guda ke nan ya tafi.

Sai da na shiga kwaleji na gane abin da ya faru. Tsutsar hanta tana saka ƙwai, ƙwan ya fito ta kashin dabba ya faɗa ruwa, ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin wata ƙaramar katantanwa da ke zama a ruwan da ba ya gudu sosai. Daga nan su fito su manne a jikin ciyawa. Dabba ta ci, su huda hanji su wuce hanta, cikin kamar wata uku sun girma. Ita kuwa LA maganin ƙwayoyin bakteriya ce, ko gezau tsutsa ba ta yi da ita. Abin da ragon nan yake buƙata maganin tsutsar hanta ne, wanda kuɗinsa bai kai na buhun dusa ba. Wato ni da hannuna na kawo masa cutar, kuma rashin sani ya ƙarasa shi.

Kun ga, ruwan Tiga da aka datse zamanin Gwamna Audu Bako ya mayar da Kura, Bunkure da Garun Malam wajen noman rani. Ga shinkafa, ga alkama, ga tumatir da masara. Inda duk aka yi wannan noman, akwai dusa, akwai kara, akwai harawa, don haka akwai kiwo. Makiyaya ma suna gangarowa bayan girbi. Amma ruwan nan da ya kawo arziki shi ne yake riƙe katantanwa. Ga kuma maganin feshi: a yanko ciyawa daga gefen gonar tumatir da aka fesa jiya, akuya ta ci, sai ka ga tana dalalar da yawu tana karkarwa. Wa zai gane bambancin wannan da wata cutar? Wanda ya karanta.

Yanzu ga yadda karatun yake. Hanya biyu ce, kada ku cakuɗa su.

Ta farko ita ce ta kwaleji. Kwas ɗin sunansa Animal Health and Production Technology. Za ka yi ND shekara 2, ka fita aikin sanin makama na shekara 1, ka dawo ka yi HND shekara 2, sannan ka tafi bautar ƙasa. Hukumar NBTE da ke Kaduna ita ke tantance waɗannan kwasa-kwasan, don haka kafin ka biya ko kwabo, ka tabbatar makarantar tana da amincewarta a kan wannan kwas ɗin. A nan jihar Kano akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta. A Kaduna akwai kwalejin da ke titin Mando, wadda take ƙarƙashin ABU Zariya. Sai babbar uwa, kwalejin tarayya ta Vom a jihar Filato, maƙwabciyar cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa, wadda take can tun 1924, kuma a can ake haɗa wasu daga cikin alluran rigakafin da muke yi wa dabbobi.

Ta biyu ita ce ta jami'a, wato DVM, shekara 6 daga JAMB. Wanda ya gama wannan shi ne likitan dabbobi, shi ake kira dakta, kuma sai hukumar VCN ta yi masa rajista kafin ya fara aiki. Ana yi a ABU Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, kuma BUK ma ta buɗe nata tsangayar.

Ko wacce za ka bi, kana buƙatar kiredit biyar, kuma kada ka yi wasa da Turanci, lissafi, kemistiri da bayoloji. Mai neman DVM sai ya haɗa da fiziks.

Gaskiya ɗaya da zan faɗa, ko da za ta yi wa wasu ɗaci: mai ND ko HND ba dakta ba ne. A ƙauye za a kira ka likita, kai ma ka ji daɗi, amma ka san iyakarka. Rigakafi, ba da maganin tsutsa, dandaƙa, wankin rauni, ɗaukar jini zuwa ɗakin gwaji, haɗa abinci, duk naka ne. Babbar tiyata da cutar da ta rikice, ka kira na gaba da kai. Kuma ƙofa ba a rufe take ba, akwai masu zarcewa jami'a bayan difloma idan sakamakonsu ya yi kyau.

Me ake koya? Ana koyon sassan jikin dabba da yadda suke aiki, ƙwayoyin cuta, tsutsotsi da kaska, magunguna da awonsu, abinci, kiwon kaji, da duba nama. Za ka koyi sunayen cututtuka a boko, amma wallahi in ba ka san su a bakin makiyayi ba, ka yi rabin karatu. Bafulatani ba zai ce maka trypanosomiasis ba, sammore zai ce. Zai ce boru, zai ce kirci, zai ce ciwon huhu, zai ce bakkale. Kuma in kana ƙyamar kashi da jini, tun yanzu ka sake shawara, don akwai ranar da za ka zura hannu har kafaɗa a cikin saniya.

Toh, ina aikin yake?

Akwai na gwamnati: asibitocin dabbobi na jiha da na ƙananan hukumomi, da duba nama a abbatuwa, da hukumar da ke tantance dabbobi a kan iyakoki irin su Maigatari da Jibiya da Illela. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo mai zaman kanta. Sai dai kada in yaudare ku, gurbin gwamnati kaɗan ne, masu nema da yawa.

Inda hanya ta fi buɗewa shi ne gonakin kaji, kamfanonin abincin dabbobi, kamfanonin magani, da masu tattara madara. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Najeriya a farkon 2006, duk mai gonar kaji da ya san ciwon kansa ya gane cewa ɗaukar wanda ya san rigakafi da tsaftar gona ya fi masa arha a kan asarar kaji dubu a dare ɗaya.

Sai kuma aikin kanka. Babur, jakar kayan aiki, da kular ƙanƙara. Kular nan ita ce ranka, don allurar rigakafi in ta sha zafi ta zama ruwa, ka yi wa garke guda kuma cuta ta zo ta kwashe su, sunanka ya ɓaci har abada. Ka yi wa awaki da tumaki rigakafin PPR, cutar nan ta majina da zawo da duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar kawar da ita. Ka ɗiga wa kajin gida maganin fakat a ido kafin hunturu. Ka bi masu turke wata uku kafin Sallah. Ranar Juma'a ka leƙa kasuwar Wudil, ranar Lahadi Dambatta, ka ga yawan dukiyar da ke tsaye da ƙafa huɗu.

'Yan'uwa mata, ku ma da ku nake. Awaki da tumaki da kajin cikin gida yawanci na mata ne, kuma akwai gidajen da namiji ba ya shiga. Macen da ta karanci wannan fanni tana da kasuwar da mu ba mu isa mu taɓa ba.

Kuma aikin nan ya wuce dabba. Bakkale yana kama mutum ta ɗanyar madara. Haukan kare yana kashe mutum. Dabbar da aka yi wa allura yau aka yanka gobe, ragowar maganin cikinmu yake shiga, a hankali magani ya daina yi mana aiki. Wanda ya hana wannan, lafiyar mutane yake tsarewa. In kana ganin abin wasa ne, tambayi tsofaffin makiyaya labarin bushiya, annobar da ta riƙa share garke guda. Da allurar rigakafi aka bi ta ruga-ruga, har aka sanar da kawar da ita daga duniya a 2011.

Wahala kam akwai. Saniya za ta harbe ka, za a tashe ka da tsakar dare akuya ta kasa haihuwa, za a ci bashinka a ce sai an sayar da shinkafa. Ga masu allurar da ba su taɓa shiga aji ba suna karya farashi. Abin da zai raba ka da su shi ne dabbar da ka duba ta tashi.

Don haka ƙanina, shawarata: kafin ka yanke hukunci, ka je asibitin dabbobi mafi kusa da kai, ka roƙi a bar ka ka yi sati biyu kana kallo kana riƙe igiya. In ka dawo gida kana wari amma kana ɗokin gari ya waye ka koma, karɓi admishin ɗinka, kada ka ɓata shekara. Masu tsiyar nan, ranar da ragon layyarsu ya ƙi cin abinci, lambarka za su nema.

Wanda ya yi wannan karatun a Dambatta ko Mando ko Vom, ya faɗa mana yadda ya samu abin, ƙannenmu su amfana. Allah Ya sa albarka a nema. Sai mun haɗu a shiri na gaba.