Wasiƙun Harriet Beecher Stowe a Matsayin Madogara ga Manazarta Adabi

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba wasu daga cikin wasiƙun Harriet Beecher Stowe (1811-1896), marubuciyar nan ta Amurka wadda littafinta Uncle Tom's Cabin, na 1852, ya tayar da ƙura a kan bauta, domin a ga gwargwadon yadda mai nazari zai dogara da su.

Wasiƙarta ga Gamaliel Bailey, editan jaridar National Era, a watan Maris na 1851, ta nuna ba ta ƙudurci dogon aiki ba, don ta zaci labarin zai ƙare a fitowa uku ko huɗu. Sai da ya kai wajen arba'in. A Yulin shekarar ta rubuta wa Frederick Douglass, wanda shi kansa ya tsero daga bauta, tana neman bayanin zaman bayi a gonakin auduga. Watau rubutu ya yi nisa kafin ta gama tattara bayanai.

Wadda aka fi ambata ita ce ta Disambar 1852, zuwa ga Eliza Cabot Follen a Landan. A ciki ta danganta tausayinta ga baiwar da aka raba da ɗanta da rasuwar nata ɗan, Samuel Charles, wanda kwalara ta kashe a 1849 yana wata goma sha takwas. Manazarta da yawa sun ɗauke ta tamkar sirrin zuciya. A ganina akwai gyara. Follen baƙuwa ce gare ta, kuma bayanin kanta aka nema, marubuciya kuwa ta riga ta yi suna; wasiƙar ma ta zaga hannuwa a Ingila. Baƙin cikin na gaske ne, amma an tsara shi ne da sanin wasu idanu za su gani.

Akwai kuma abin da sai a wasiƙun wasu ake samu. Harriet Jacobs, baiwar da ta tsere, ta nemi taimakonta ta hannun Amy Post. Stowe ta tura wa uwargidan da Jacobs ke yi wa aiki labarin, har da sirrinta, tana neman tabbaci don ta sa shi a littafinta A Key to Uncle Tom's Cabin na 1853. Jacobs ta ƙi, ta rubuta nata da kanta, ya fito a 1861. Daga wasiƙun Jacobs ga Post aka san wannan.